Waliyyina a Gaban Alƙali

Masu turo min saƙo kuna cewa Mahfuza kin yi shiru, ko an ɗaura ne ba ki gayyace mu ba, ku kwantar da hankalinku, ba a ɗaura komai ba. Abin da ya faru a makon nan ne ya hana ni zama in yi rubutu. Yau zan faɗa muku shi yadda yake. Wanda zai ce na yi rashin kunya ya faɗa, ni dai wallahi alfahari nake yi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, mu uku ne a gidanmu a unguwar Al Nahda ta Dubai: ni, da Umma, da Yaya Salmanu. Abbanmu ya rasu ina sakandare a Kano, kuma shi kaɗai ne namiji a wurin iyayensa, ba wa ba ƙani. Don haka Yaya Salmanu ne ya zame min uba. Shi ya fara zuwa Dubai yana ɗaurin kaya a Murshid Bazaar, ya cika kwali, ya naɗe shi da salatif, ya ɗora a kura, tun safe har a rufe kasuwa. Da gumin nan ya kawo Umma ta buɗe ɗan shagon abaya, da shi ya kawo ni, da shi na koyi Larabcin da nake taƙama da shi yau.

Wata rana yana ɗaga kwalin tayil bayansa ya riƙe. Mai ɗaurin kaya kuwa ba ya kwanciya, don in ka kwanta, alhazan da ke jiranka sun koma wurin wani. Sai wani abokin aikinsa ya ba shi ƙwaya, wai ɗaya tal, ka sha ka miƙe. Ya sha ya miƙe. Daga ɗaya aka koma biyu, daga biyu aka daina ƙirgawa. Muna ganinsa yana ramewa, yana gyangyaɗi da loma a hannu, muna cewa gajiya ce. Har ranar da 'yan sanda suka same shi a cikin motar kaya a gefen titin Jebel Ali, yana barci, mota a kunne, ƙwayoyi a aljihun rigarsa.

Na ɗauka shi ke nan, kurkuku, daga nan a sa shi a jirgi a mayar da shi gida. Amma alƙalin da aka kai shi gabansa ya duba ya ga karo na farko ne, kuma sha yake yi ba sayarwa ba. Sai ya ce ba gidan yari zai tura shi ba, cibiyar da ake yi wa masu shaye-shaye magani zai tura shi. Likitoci su riƙa sanar da kotu halin da yake ciki. In ya yi abin kirki kotu ta sallame shi, in ya yi wasa ta san yadda za ta yi da shi.

Ranar da aka tafi da shi, Umma ta dawo gida ta zauna a bakin gado, ko mayafi ba ta cire ba. Ta daɗe tana kallon bango, sannan ta ce, "Salmanu ya tafi Guangzhou."

Na ce, "Umma, wace Guangzhou kuma?"

"Ta China. Saro kaya ya tafi. Duk wanda ya tambaye ki, abin da za ki ce ke nan."

Ban ga laifinta sosai ba a lokacin. Kun san mutanenmu na unguwar Deira. Ka yi atishawa a Murshid Bazaar da hantsi, kafin la'asar an kira ka daga Kantin Kwari ana maka sannu da mura. Haka muka zauna wata da watanni, kowa ya zo shago sai ya ce a gaida na China, mu ce zai ji.

Ana cikin haka Mu'awiya ya shigo rayuwata. Abaya ya zo saya wa mahaifiyarsa, Hajiya Turai, da ke Kano. Ya sayi ɗaya, bayan kwana biyu ya dawo wai hannun ya yi tsawo. Na rage hannu. Ya sake dawowa wai yanzu ya yi gajere. Na ce, "Malam, ko Hajiyar nan hannunta ƙaruwa yake yana raguwa, ko kuma ba abaya ce ke kawo ka ba." Ya yi dariya har ya cire gilashinsa ya goge. Shi ne mai kula da kwantenonin gidansu a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, dogo ne, baƙi, maganarsa a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Ina son shi, ba zan ɓoye muku ba. In ya yi kwana ɗaya bai turo saƙo ba, ko shayi ba ya min daɗi.

Ran Litinin ina shago ina gugar wata abaya mai duwatsu, wayata ta yi ƙara. Mu'awiya ne ya turo saƙo.

"Ranki ya daɗe, albishirinki."

Na rubuta, "Goro."

"Fari ko ja?"

"Fari tas. Yalla, faɗi mana, ina da aiki."

"Hajiya ta amince a je neman aure. Ta tambayi wane ne waliyyinki, na ce Yaya Salmanu. Kin ga ikon Allah, Baffana Abdulganiyyu ai a Guangzhou yake zaune, ya fi shekara goma. Ya ce a turo masa lambar Yaya. Ran Juma'a bayan masallaci zai je da dattawa biyu su gaishe shi, a fara magana tun daga can."

Jama'a, saura kaɗan in ƙone abayar mutane. Duk faɗin duniyar nan Umma ta rasa inda za ta ajiye Yaya sai garin da Hausawa ke sallar Juma'a a masallaci ɗaya, suke cin tuwo a gida ɗaya. Ko ban ba da lamba ba, Baffa tambaya ɗaya zai yi a bakin masallaci a ce masa ba a taɓa ganin wani Salmanu ba.

Da yamma na samu Umma a kicin tana yanka alayyafo, na karanta mata saƙon. Wuƙar ta tsaya.

Ta ce, "Ki ce masa ya wuce garin Yiwu."

"Suna da sito a Yiwu, Umma."

"To Istanbul."

"Ƙanin Hajiyarsa a can yake sarin dogayen riguna."

Ta ajiye wuƙar. "Wai su mutanen nan babu garin da ba su shuka ɗan'uwa ba?"

Dariya ta so ƙwace min, amma da na ga idonta ya kawo ruwa sai na haɗiye ta. Ta jawo kujerar roba ta zauna, ta ce in zauna ni ma.

"Mahfuza, ki saurare ni. Na san gidan su Hajiya Turai tun muna 'yanmata. Ba sa ɗaukar mace sai sun bincika uwa da uba har kakanni. Ranar da suka ji an ce akwai ɗan ƙwaya a gidanmu, ranar maganar nan ta mutu. Ran Alhamis kotu za ta zauna a kan yayanki. Ki ja yaron nan da dabara zuwa lokacin. In an sallame shi sai mu ce ya dawo daga China. In ba a sallame shi ba, sai in roƙi Alhaji Sanda, maƙwabcinmu na Kano, ya tsaya miki a waliyyi."

"Alhaji Sanda da ko sunana ba ya iya faɗa daidai?"

"Ba suna za a ɗaura ba, aure za a ɗaura."

"Ke za ki je kotun?"

Ta kawar da kai. "In wani ya gan ni a bakin kotu me zan ce?"

Nan zuciyata ta taso, kun san ni da zuciya. Na ce, "Umma, mutumin da ya ɗauki kwali har bayansa ya lalace don in yi karatu, shi zan ɓoye kamar kayan sata?"

"Ni kike ɗaga wa murya?"

Na sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyarki."

Ta ci gaba da yankan alayyafonta tana jan hanci.

Abin da Umma ba ta gani ba, ni na gani, don ni ke zuwa ziyara. Na ga Yaya a makonnin farko, jikinsa na rawa, leɓensa a bushe, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce min ji yake kamar ana zare masa jijiya ɗaya bayan ɗaya. Na ga ranar da ya fara cinye abincinsa. Na ga ranar da ya fara tsokanata yana cewa na yi ƙiba. Na ga ranar da wani ma'aikacin cibiyar ya ce min duk sabon da aka kawo yana kuka yana dukan ƙofa, Salmanu ake kira ya zauna da shi. Ni ban ga abin ɓoyewa a jikin mutumin nan ba.

Na shiga ɗaki na ɗauki waya na rubuta wa Mu'awiya: "Ran Alhamis da safe ka zo ka ɗauke ni. Zan kai ka wurin Yaya Salmanu."

"Ya dawo ne?"

"Ka dai sa manyan kaya."

Ran Alhamis na sa baƙar abayata mai aikin zare ruwan toka a hannu, na yafa mayafi mahaɗinta, na zizara kwalli, na shafa humra kaɗan. Umma na kicin ta juya min baya. Sai da na kama ƙofa ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ki ce masa ina masa addu'a."

Mu'awiya na ƙasa yana jira, cikin farar shadda mai aiki a wuya da hula zanna bukar, motar sai ƙamshin turaren oud take. Ya ɗauka filin jirgi za mu, har ya sa sigina. Na ce ya miƙe. Na yi ta nuna masa hanya yana bi yana satar kallona, har muka tsaya a wurin ajiye motoci na kotu. Ya karanta rubutun da ke jikin ginin, ya juyo.

Na ce, "Yaya Salmanu bai taɓa zuwa China ba. An kama shi da ƙwaya. Alƙali ya tura shi magani maimakon kurkuku, yau za a duba ko za a sallame shi."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka fara kawo gyaran hannun abaya."

"Kuma kika bar ni ina ce wa Hajiya China."

"Na bar ka. Yau na daina."

Na ce, "In za ka juya, ban riƙe ka da komai ba. Ni dai zan shiga." Na buɗe ƙofa na fita. Na yi 'yar tafiya ban waiwaya ba, sannan na ji ƙarar rufe ƙofar ɓangarensa da takun takalminsa a bayana.

Ɗakin ƙarami ne, ba irin wanda nake zato ba, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Alƙalin dattijo ne mai furfura a gemu, gilashi a kan hanci. Ga wata likita a gefe, ga lauya, ga tafinta. Muka zauna a baya. Aka shigo da Yaya. Ya yi aski, kumatunsa sun dawo, yana tafiya a miƙe. Ni kaɗai ya hango, ya ɗaga min gira yadda yake yi tun ina yarinya.

Likitar ta yi bayani. Duk gwajin da aka yi masa ya fito fes, bai taɓa ƙin zaman magani ba, an kuma samo wa bayansa gashi da motsa jiki a madadin ƙwaya. Alƙali ya saurara, sannan ya kalli Yaya ya ce, "Salmanu, likita ta ce ka yi ƙoƙari. Kai me ka ce? Ka warke?"

Tafinta ya buɗe baki, Yaya ya ɗaga masa hannu. Da Larabcinsa na kasuwa ya amsa, irin wanda ake cinikin kwali da shi.

"Ranka ya daɗe, ban warke ba. Har yau in bayana ya motsa, ƙwayar ce ke fara faɗo min a rai. Abin da na koya shi ne in faɗa wa wani kafin in neme ta. Da can kunya nake ji in ce ina jin ciwo, saboda ni ne babba a gida."

Na ce a raina, Yaya ka kashe mu, wa ya ce ka faɗi haka? Lauyan ma sai da ya runtse ido. Alƙali ya cire gilashinsa ya ajiye.

Ya ce, "Mutane da yawa sun tsaya a inda kake suna rantse min sun warke. Yawancinsu na sake ganinsu." Ya dubi Yaya. "Zan sallame ka, ka ci gaba da zuwa gwaji da ganin likita daga gida. Amma kotu na son wani daga danginka da zai tsaya maka, ya riƙa raka ka, ya kuma faɗa mana gaskiya in ka zame. Akwai?"

Yaya bai waiwayo ba. Na san dalili, ba ya son ya ɗora min. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Akwai, ranka ya daɗe."

"Ke wace ce?"

"Ƙanwarsa ce. Shi ya raine ni."

"Yarinya, aikin nan da nauyi. Ba na mako ɗaya ba ne."

Na ce, "Na sani. Ni ma da nauyina ya ɗauke ni tun mahaifinmu ya rasu, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba."

Alƙali ya gyaɗa kai, ya mayar da gilashinsa, ya ce, "Khalas. Mabruk, ya Salmanu." Wato shi ke nan, barka.

Wallahi ban taɓa jin alfahari irin na lokacin ba, ko ranar da na gama makaranta. Yayana ya tsaya a gaban hukuma a ƙasar da ba tamu ba, ya faɗi gaskiyar da za ta iya mayar da shi ciki, kuma ita ta fito da shi. Ji nake kamar in fita titi in tare motoci in ce ku zo ku ga ɗan gidanmu.

Aka ce mu jira a baranda kafin a gama sa hannu. Yaya ya fito tare da wani ma'aikacin cibiyar, yana murmushi, sai idonsa ya sauka a kan farar shaddar da ke bayana. Murmushin ya ɗauke.

"Mahfuza, wane ne wannan?"

"Mu'awiya ne. Wanda na ba ka labari."

"Nan kika kawo shi?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Nan?"

Kafin in amsa, Mu'awiya ya zare takalmansa. A kan tayil ɗin kotu, Larabawa da Indiyawa na wucewa, wani ɗan sanda na kallo, ya durƙusa har ƙasa da farar shaddarsa.

"Yaya, ina wuni. An ce min kai ne uba, shi ya sa na zo gaishe ka."

Yaya ya kama kafaɗunsa yana ƙoƙarin ɗaga shi. "Tashi, don Allah tashi. Ka ga fa inda ka same ni."

"Na gani. Na kuma ji abin da ka faɗa a ciki."

Na juya na fuskanci bango, don kwallina ya fara bin kumatu.

Muka zauna a benci, Yaya a tsakiya. Mu'awiya ya mayar da takalmansa, ya daɗe yana murza hularsa a hannu, sannan ya ce, "Mahfuza, ni a wurina magana ta ƙare, ke nake so. Amma ba zan yi wa Hajiya ƙarya ba. Kuma kin san ban taɓa tsallake maganarta ba. In ta ce a'a, wallahi ban san yadda zan yi ba."

Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Amma ji na yi kamar an zuba min ruwan sanyi.

Yaya ya kalli hannuwansa. "Ku bar ni a China," ya ce a hankali. "Ba zan fita kasuwa ba sai an gama biki. A nemi wani dattijo ya tsaya. Na riga na jawo muku abin da na jawo, kar ki rasa miji saboda ni, Mahfuza."

"Yaya, yanzu fa ka gama gaya wa alƙali abin da ɓoyo ya yi maka."

"Wannan daban."

"Ba daban ba ne."

Wayar Mu'awiya ta fara ruri a hannunsa. Ya duba, ya nuna min fuskarta. Hajiya ce. Gobe Juma'a, Baffa na can yana jiran lamba. Ya kalle ni, ya kalli Yaya, wayar na ta ruri.

Na miƙa hannu. "Ba ni."

"Mahfuza, surukarki ce fa. Ba a haka."

"Na san ba a haka."

Ban taɓa magana da ita ba, ko gaisuwa ta bakinsa nake aikawa. Ya sa min wayar a tafin hannu. Na danna, na kai kunne.

"Mu'awiya, wai ina lambar nan? Baffanka ya dame ni da kira."

A Kano safiya ce. Na zame daga benci na durƙusa, duk da ba ganina take ba.

"Hajiya, ina kwana. Ba Mu'awiya ba ne, Mahfuza ce."

Ban jira amsarta ba, na ci gaba.

"Ki gafarce ni da na ɗauki wayar. Yayana ba ya China, bai taɓa zuwa ba. Ga shi nan kusa da ni a kotu. Ya faɗa shan ƙwaya, alƙali ya tura shi magani, yanzun nan aka sallame shi. Shi ne waliyyina, ba ni da wani. In za a nemi aurena, a wurinsa za a nema."

Ina jin numfashinta, ina jin rediyo a bayanta ana karanta sanarwa. Mu'awiya ya rufe fuska da hularsa. Sai da na cire wayar na duba ko ta katse. Ba ta katse ba.

Sai ta ce, muryarta ba fushi ba fara'a, "Miƙa masa wayar."

Na miƙa. Yaya ya goge tafin hannunsa a jikin rigarsa, ya karɓa.